Hoton Gobe da Safe: Nasiha ga Matasan Dodoru

Idan an idar da sallar isha a Dodoru, majalisa ta watse, kowa ya ja ƙyaurensa, akwai wani aiki da ke tashi a kawunan matasa da yawa ba tare da kowa ya sa su ba. Saurayin da ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa yana kwance a kan tabarma, ido biyu, yana ganin mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida, yana ganin yadda fuskar mahaifinsa za ta sauya idan maganar ta fito. Budurwar da ta zana JAMB har sau biyu tana ganin sunayen ƙawayenta a jerin waɗanda jami'ar tarayya da ke Kalgo ta ɗauka, nata kuwa babu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai faru ba tukuna. Duk da haka gaba yana faɗuwa, tafin hannu yana gumi, barci ya ƙaurace wa ido har kiran assalatu.

Idan gari ya waye aka ga yaro ya yi tagumi yana karanta wasiƙar jaki, manya sukan ce masa ya rage tunani, kada ya jawo wa kansa ciwo. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su cika faɗin yadda ake ragewar ba. Zuciya ba ta zama fayau. Ko an so ko an ƙi sai ta haska wani abu, kuma idan aka bar ta da kanta a lokacin ƙunci, mafi munin abin da zai iya faruwa shi take ɗaukowa. Abin da ke hannun mutum shi ne ya koyi sa mata wani hoton, kuma ya san irin hoton da ke tayar da shi tsaye da irin wanda ke ƙara kwantar da shi.

Masana halayyar ɗan'adam sun auna ƙarfin wannan abu. A shekarar 2005, Emily Holmes da Andrew Mathews, masu bincike a Kambirij ta Ingila, sun karanta wa mutane gajerun labarai marasa daɗi. Wasu aka ce su kwatanta abin a zuci kamar da su yake faruwa, wasu aka ce su tsaya a kan ma'anar kalmomin kawai. Fargabar waɗanda suka kwatanta ta fi tashi. Da aka maimaita gwajin daga baya da labarai masu daɗi, masu kwatantawar ne dai suka fi jin sanyi a rai. Kafin nan, Stephen Kosslyn na jami'ar Habad ya nuna cewa idan mutum ya rufe ido yana ganin abu a zuci, sassan ƙwaƙwalwar da ke aikin gani na zahiri su ma suna motsawa. A 1995 kuma, Alvaro Pascual-Leone da abokan aikinsa sun sa wasu mutane su koyi kaɗa fiyano da yatsu biyar, sa'a biyu kullum har kwana biyar, wasu kuma su zauna gaban fiyanon suna yi a zuci kawai. Sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa yatsu ya sauya a duka ƙungiyoyin biyu, ko da yake masu kaɗawa da hannu sun fi ƙwarewa. Wato jiki yana ɗaukar hoton zuci da gaske fiye da yadda mai jikin yake zato.

A kan wannan ƙarfi ne wata hanyar kwantar da hankali ta tsaya, wadda ake kira jinyar magana mai fuskantar mafita. Miji da mata ne suka assasa ta, Steve de Shazer da Insoo Kim Berg, 'yar asalin Koriya, a cibiyar da suka buɗe tare da abokan aikinsu a birnin Milwoki na Amurka a 1978. Yawancin masu zuwa wurinsu ba masu hali ba ne. Akwai masu rikicin aure, masu shaye-shaye, iyayen da yara suka gagara. Maimakon a kwashe watanni ana tonon inda matsala ta samo asali, sai suka riƙa sa ido a kan zaman da suke yi da mutane don gano irin tambayar da ke kawo sauyi. Suka ga cewa mutum yakan fara motsi idan ya iya faɗin, dalla-dalla, yadda rayuwarsa za ta kasance bayan matsalar ta kau. Wata mata ce da duniya ta yi mata zafi ta ce wa Berg sai dai wani abin al'ajabi ya faru, in ba haka ba ba ta ga mafita ba. Berg ta kama maganar ta ce, to a ce ya faru, me zai sauya? Matar ta shiga lissafo abubuwa, kuma yawancinsu ƙanana ne waɗanda ke hannunta. Daga nan tambayar ta zama ginshiƙin wannan hanya a tsakiyar shekarun 1980.

Tambayar ba ta buƙatar ofis ko kujera mai laushi. A ɗauki misali da saurayin nan mai bashi. Ya yi noman rani na albasa irin wanda yankin Gwandu da Aliero ya saba da shi, fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, ya ajiye albasar yana jiran farashi ya tashi, rabi ta ruɓe. Ya daina zuwa majalisa, ya daina ɗaukar waya, idan ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya shige ɗaki. Kawunsa ya same shi da la'asar a gindin darbejiya, ya zauna kusa da shi, bai fara da faɗa ba.

"Ɗana, bari in tambaye ka wani abu. A ce yau da dare kana barci, cikin ikon Allah wannan damuwa ta kau, kai kuwa ba ka sani ba don kana barci. Gobe da safe, me za ka fara gani da zai nuna maka an samu sauyi?"

"Kawu, ai sai in ga an biya bashin."

"Ba za ka san an biya ba tukuna, yanzu ka buɗe ido. Me za ka yi daban?"

Ya yi shiru. Kawun bai cike masa shirun ba, wannan kuwa shi ne rabin aikin.

"Da na tashi na tafi masallaci da asuba, maimakon in yi a ɗaki."

"Wa zai fara lura?"

"Inna. Za ta ji ƙarar buta."

"Idan ka dawo fa?"

"Zan shiga in gaishe ta, in sha kunun da take ajiye mini. Kwana biyu ba na sha."

"Ita kuma me za ta yi?"

"Za ta yi mini tsiya, ta ce ango ya tuna da tsohuwa."

A nan ya ɗan yi murmushi, karo na farko cikin makonni. Bashi yana nan, ko kwabo bai ragu ba. Amma yanzu akwai wata safiya a zuciyarsa mai buta da masallaci da kunu da muryar Inna, kuma duk abin da ke cikinta yana iya yin sa gobe ba tare da ya jira kowa ba. Idan kawun ya ci gaba da bi, hoton zai kai hantsi, ya kai lokacin da yaron zai wanke fuska ya taka da ƙafarsa zuwa shagon mai taki, ya gaishe shi, ya ce masa Alhaji ga halin da ake ciki, ga abin da zan iya kawowa duk ranar kasuwa. Sau da yawa wannan zuwan ne mai bashi yake jira, domin ɓuya ta fi rashin biya ɓata masa rai.

Dalilin da ya sa ake nacewa a kan ƙananan abubuwa yana da tushe. A 1996, Mark Williams da abokan bincikensa a Birtaniya sun tambayi mutanen da aka kwantar a asibiti bayan sun yi yunƙurin halaka kansu su kwatanta abubuwan da za su iya faruwa da su nan gaba. Amsoshinsu sun fito dunƙule, babu rana babu wuri babu fuskar kowa, saɓanin na sauran mutane. Ƙunci yana dushe gobe har ta zama hazo. Matashin da aka tambaye shi me yake so ya ce "in samu kwanciyar hankali kawai" bai ba ƙafarsa wurin takawa ba. Wanda ya ce "in koma cin tuwon dare tare da ƙannena a tsakar gida" ya san inda zai zauna yau da magariba.

Akwai tambayoyi biyu da ke bin ta farko. Ɗaya ita ce neman lokacin da matsalar ta yi sauƙi: a cikin makon nan, yaushe ne wani ɓangare na wannan safiya ya riga ya faru, ko da kaɗan? Yaron zai iya tunawa cewa ranar Juma'a ya fita ya taya abokinsa gyaran injin, kuma a wannan yinin bai ji nauyin ƙirji ba. To me ya bambanta ranar? Wa ya kira shi? Ɗayar kuma ma'auni ce daga 0 zuwa 10, inda 10 take safiyar da ya kwatanta, 0 kuma ranar da ta fi kowace muni. Idan ya ce yana kan 3, ba a tambayarsa me ya hana shi kai 10. Ana tambayarsa me ya riƙe shi bai faɗa 1 ba, sannan yaya 4 za ta kasance a ido. Mai wannan rubutu yana ganin tambayar "me ya riƙe ka" ta fi duk sauran daraja, domin ita ce ke sa matashin da ya ɗauki kansa ba komai ba ya lissafa da bakinsa abubuwan da har yanzu suke tsaye: sallarsa, innarsa, sana'ar hannunsa, abokin da bai guje shi ba.

Sai dai a nan ne ake zamewa, kuma matasan yau sun fi na jiya fuskantar santsin. Akwai wani hoton zuci mai daɗi ƙwarai wanda ba ya kai mutum ko'ina. Saurayi ya kishingiɗa da waya a hannu, ya gama kallon masu wasa da kuɗi a TikTok, sai ya shiga ganin kansa ya shigo gari cikin baƙar mota mai duhun gilashi, yara na bin sa da gudu, waɗanda suka raina shi suna sunkuyar da kai. Ya ji daɗi na rabin sa'a. Ya tashi jiki a mace, gonar da zai je ta ƙara yi masa nisa, kuma hanya mafi kusa da ya gani zuwa wannan mota ita ce cacar ƙwallo ta waya. Gabriele Oettingen, Bajamushiya da ke koyarwa a jami'ar Niyok, ta shafe shekaru tana bin diddigin irin wannan. A binciken da ta wallafa tare da Doris Mayer a 2002, an bi ɗaliban da ke gab da kammala jami'a. Waɗanda suka fi nutsewa cikin mafarkin samun babban aiki su ne, bayan shekara biyu, suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun tayi, albashinsu ma ya fi ƙanƙanta. A 2016 ta sake nuna cewa irin wannan mafarki yana sanyaya rai a take, amma masu yawan yin sa sun fi nuna alamun tsananin damuwa daga baya. Zuciya ta ɗanɗana nasarar tun ba a yi aikin ba, sai ta saki jiki.

Malaman da ake karanta littattafansu a zaurukan Gwandu sun daɗe da raba waɗannan biyu. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bambanta kyakkyawan fata da burin banza a cikin Ihya'u Ulumiddin da misalin manomi: wanda ya samu ƙasa mai kyau, ya zuba iri nagari, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya jira falalar Allah, shi ne mai fata, wanda kuwa ya watsa iri a kan fako inda ruwa ba ya zuwa ya zauna jiran girbi, ruɗin kai yake yi. Duk ɗan Dodoru da ya taɓa riƙe fartanya ya fahimci wannan tun kafin a gama faɗa.

Ga mai shirin jarabawa, akwai gwajin da ya shafe shi kai tsaye. A 1999, Lien Pham da Shelley Taylor na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun raba ɗalibai kwanaki kaɗan kafin jarabawa. Wasu aka ce kullum su ɗauki minti biyar suna ganin kansu sun ci babban maki suna murna. Wasu aka ce su ga kansu suna karatun: inda za su zauna, lokacin da za su fara, yadda za su buɗe littafi su kawar da abin da ke ɗauke hankali. Na biyun ne suka fi yin karatu, suka fi samun maki. Na farkon ba su amfana ba. Don haka budurwar da ke son shiga jami'ar Kalgo ko ta Aliero ta rage ganin kanta cikin rigar yaye ɗalibai. Ta ga kanta bayan sallar asuba, kafin a ɗora tukunya, zaune a bakin ƙofar ɗaki da littafin tambayoyin shekarun baya, ta buɗe sashen da take gudu, wayarta kuma tana ƙarƙashin matashin Mama. Sannan ta ga abin da zai tare ta, domin tabbas akwai shi: za a aike ta, ko ƙawa ta shigo, ko barci ya rinjaye ta. Ta yanke tun yanzu cewa idan aka aike ta da safe, za ta rama bayan azahar. Oettingen da mijinta Peter Gollwitzer sun nuna cewa haɗa buri da cikas da irin wannan shiri na "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi buri tsirara kai mutum ga aiki.

Lokacin yin wannan atisaye ma yana da muhimmanci. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Khurasan da ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani masu lafiya tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ciwon da kan zo ba shiri. Ƙarfe biyun dare, gaba na bugawa, ba lokacin ƙera sabon hoto ba ne. Da rana ake ƙera shi, bayan sallah ko a kan hanyar gona, a maimaita shi har ya zauna, don idan dare ya kawo nasa a samu abin musanyawa.

Kada kuma matashi ya ɗauka shiga ƙunci alamar raunin imani ce ko ƙarancin jarumta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Gwandu tun 1829, ya ba da labarin kansa a Tazyinul Waraƙat: wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ransa ya ɓaci ƙwarai da ganin yadda son duniya da mulki ya shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. A Kano mutane suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koyar da su yadda ake tafiyar da shari'a da mulki. Ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsiri, daga bisani ya juyo gida. Mutum mai wannan daraja ya kai matsayin da ya ji ba zai iya zama ba, kuma bai ɓoye wa na baya ba. Ya rubuta shi da alƙalaminsa.

Ba kowa ne ke gani a zuci daidai da kowa ba. Tun 1880 Francis Galton ya tambayi mutane su tuna teburin karin kumallonsu, ya tarar wasu na ganin sa tar, wasu kuwa ba sa ganin komai, kuma a 2015 likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya sake fito da wannan hali fili. Wanda ya rufe ido ya ga duhu kawai ba shi da wata cuta. Ya faɗi safiyar tasa da baki, ko ya rubuta ta a takarda da boko ko ajami, ko ya bi ta hanyar sauti da ƙamshi da motsin jiki.

Akwai kuma hotunan da ba a musanya su da wannan hanya, kuma wajibi ne a faɗi haka ƙarara. Jihar Kebbi ta ga abubuwa: ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, hare-haren da suka tashi ƙauyuka. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, abin yake faɗo masa ba sallama da rana tsaka ko cikin mafarki, ba a ce masa ya rufe ido ya kwatanta komai. Yin haka a hannun wanda bai ƙware ba yana iya tayar da mikin. Haka wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya fara ganin hoton mutuwarsa yana jin kamar hutu ce. Haka wanda ya koma ga tiramol ko kodin don ya kashe hotunan. Waɗannan asibiti suke buƙata, tare da addu'a da kulawar dangi, kuma mai ganin mutuwarsa, a ranar ake kai shi, ba a barin sa shi kaɗai. Daga Dodoru ana iya farawa da asibitin da ya fi kusa a nemi a tura mutum gaba, zuwa asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai irin wannan lalura yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, ba a ɗaure shi a turu ba.

Likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a Najeriya, yawancinsu kuma suna manyan birane, don haka damuwar yau da kullum, ta bashi da jarabawa da auren da ya ƙi yiwuwa, a hannun 'yan uwa da abokai za ta ci gaba da sauka. Zimbabuwe ta gwada amfani da wannan. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taya shi zaɓar matsala ɗaya da mataki ɗaya. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zama shida a bencin sun fi waɗanda aka ba kulawar da aka saba samun sauƙi bayan wata shida. Dodoru ba ta rasa benci ba, ba ta rasa dakali da zaure da gindin bishiya ba. Matashin da abokinsa ya zo masa da ƙunci zai iya riƙe wa'azinsa da shawararsa na ɗan lokaci, ya tambaye shi yadda gobe da safe za ta kasance idan abin ya yi sauƙi, ya jure shirun da zai biyo baya, ya bi shi da "sai kuma me" har hoton ya samu lokaci da wuri da mutane a ciki. Bayan kwana uku ko huɗu ya koma ya same shi, ya tambaye shi me ya ɗan gyaru tun rabuwarsu, kuma idan amsar ta nuna abin gaba yake yi, ya nemi babba a gidansu su shirya tafiya Birnin Kebbi.